Tashar Jirgin Ƙasa ta Kano da Kafuwar Waje: Ko Garin Ya Isa Aikin da Aka Yi Masa?

A cikin watan Maris na shekarar 1911 ne ma'aikatan reluwe suka kawo ƙarfen dogo har gabas da ganuwar Kano, bayan sun shimfiɗa shi mil 356 tun daga Baro, wani ƙaramin gari a bakin kogin Kwara. Ba a buɗe hanyar ga fatake da kamfanoni sosai ba sai ran 1 ga Afrilu, 1912. Wanda ya tsaya yau a bakin tashar nan, ya dubi Fagge da Kantin Kwari da Sabon Gari, da wuya ya yarda an taɓa yin gardama a kan ko Kano ta isa a kai mata jirgi. Amma kuwa an yi gardamar, masu shakka kuma ba marasa hankali ba ne. Suna da lissafinsu, kuma in an bi shi daki-daki za a tarar ba su yi ƙarya ba. Abin da ya kamata a bincika shi ne yadda lissafi mai kyau ya kai su ga kuskure, da yadda waɗanda suka yi nasara a gardamar suka yi ta bisa hujjar da ba ta tabbata ba.

Sai a fara da girman garin. Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824, ya ƙiyasta mutanenta tsakanin 30,000 da 40,000. Barth, wanda Hausawa suka sani da suna Abdulkarim, ya zo a 1851, ya ce mazaunan birni wajen 30,000 ne, amma daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da ayari ke sauka, sukan kai 60,000. Ganuwar kuwa ta zagaye mil 11 ko fiye, gidaje ba su cika ko rabin abin da ta kewaye ba, saura gonaki ne da kududdufai da makiyaya. Ƙidayar da Turawa suka yi a 1911 ba ta ba birnin mutum 40,000 cikakku ba. A wannan shekara Ikko ta wuce 70,000, Ibadan kuma ta ninka Kano fiye da sau uku. Watau ga sunan Kano ya cika Sudan da Magrib, amma in kawunan mutane za a ƙirga, gari ne matsakaici.

Cinikin da ya jawo mata sunan nan ma ba irin wanda jirgin ƙasa ke so ba ne. Turkuɗi da kore da saƙi, jan kilabo, gashin jimina, goro, kanwa, gishiri: yawancinsu kaya ne marasa nauyi masu tsada, irin waɗanda suka dace da raƙumi da jaki da takarkari. Raƙumi 6 ko 7 ne ke ɗaukar tan guda. Saboda haka duk abin da ayarin Tarabulus ke kawowa a shekara, jiragen da za su kwashe shi ba su da yawa. Jirgi kuwa abincinsa kaya mai nauyi ne mai araha, wanda ba ya yankewa. Har wa yau hanyar hamada ta riga ta fara mutuwa, gama yaƙe-yaƙen Rabeh da shigowar Faransawa ƙasar Azbin da Damagaram sun dame ta, sa'an nan a 1911 Italiya ta kama Tarabulus. Gwamnatin Arewa ita kanta ba ta iya ciyar da kanta, kowace shekara sai Baitulmalin Ingila ya cika mata, Kudu kuma ta ƙara. Mai riƙe da jakar kuɗi a London, in ya tambaya me jirgi zai ɗauko daga garin mutum 40,000 wanda zai biya bashin ƙarfe mil ɗari uku da hamsin, ai bai yi rashin kunya ba.

Masu son hanyar kuwa kowa da abin da ke ransa. Gwamna Lugga, wanda ya ci Kano a Fabrairu 1903, yana son hanya mai araha daga inda jirgin ruwa ke iya zuwa a Kwara, don a riƙa kai soja da ma'aikata da kayan gwamnati ba tare da dubban 'yan alaro ba. Gwamna Egerton na Ikko yana son a miƙe hanyarsa ta ratsa ƙasar Yarabawa ta ƙetare Kwara, don arzikin Arewa ya fita ta tasharsa. Amma muryar da ta fi ƙarfi a Ingila ita ce ta masu masaƙun Lankasha. Sun gaji da dogara ga audugar Amurka, suka kafa ƙungiyar noman auduga a Mancesta a 1902, wadda aka fi sani da BCGA, har ma sunan ya shiga bakin Hausawa, suna ce wa gidan gurzar auduga bisije. Mutanen nan sun karanta Barth, sun ji labarin masaƙan Kano da marinarta, suka ɗauka ƙasar da ke tufatar da rabin Sudan lalle tana iya ciyar da injunansu. Winston Churchill, lokacin yana ƙaramin minista a Ofishin Mulkin Mallaka, ya tsaya musu. A 1907 aka yarda da aikin, aka naɗa Sir Percy Girouard shugaban Arewa, mutumin Kanada ne, injiniyan soja, wanda ya yi wa Kitchener hanyar jirgi a hamadar Sudan. Aka raba gardamar Lugga da Egerton ta yin hanyoyin duka biyu, su haɗu a Minna. John Eaglesome, shugaban ma'aikatar ayyuka, shi ya tsaya a kan ginin ta Baro. Aka yi ta da tsimi ƙwarai, kuɗinta fam miliyan 1 da wani abu, leburori kuwa ta hannun sarakuna da hakimai aka ɗebo su, Nufawa da Gwari da Zazzagawa da Kanawa, da yawansu ba da son ransu ba. Sulallan da aka biya su suna cikin abin da ya fara kore wuri daga kasuwannin da ke bakin hanyar.

To, jirgi ya iso, auduga ba ta hau ba. Dalili kuwa yana cikin abin da ya ruɗi mutanen Lankasha tun farko. Ƙasar da ke da masaƙa da yawa tana da masu sayen auduga da yawa. Bisije ta yanka kuɗinta kwabo guda a kan laba, masu kaɗi da masaƙan Kano da na ƙauyukanta suna biyan abin da ya fi haka, gama suna da marinar Ƙofar Mata da ta Kura, suna da masu jiran tufa har Azbin da Borno. Manomi ba ya bukatar a koya masa inda zai kai kayansa. Audugar da Ingila ta samu daga baya ta fi fitowa daga ƙasar Zazzau da kudancin Katsina da wajen Gusau, inda ƙasa ta fi laka. Da a ce auduga kaɗai aka dogara gare ta, da maganar masu shakka ta tabbata a kan Kano, da taragai sun riƙa komawa Kudu da fata da ƙirgi kawai.

Abin da ya cika taragan shi ne gyaɗa, wadda ba a ba ta wani muhimmanci ba a shawarwarin 1907. A 1911 gyaɗar da ta fita daga Nijeriya duka ba ta kai tan 2,000 ba. A 1913 ta wuce tan 19,000, a 1916 kuma ta kai wajen tan 50,000, mafi yawanta daga tashar Kano. A kakar farko ma'aikatan reluwe suka rasa inda za su sa ta, buhuna suka taru a filin tasha suna jiran tarago. Jan Hogendorn, wanda ya buga littafi a 1978 a kan asalin wannan ciniki, ya nuna cewa ba Razdan ne ya umurci kowa ya shuka gyaɗa ba, hasali ma hankalin gwamnati yana kan auduga. Abubuwa uku ne suka gamu. A Turai an sami dabarar daskarar da man tsiro a yi majarin da shi, watau man shafa wa burodi na talaka, masu matsar mai a Marsel da Hambog da Libaful suka shiga neman kowace irin ƙwaya mai mai. A ƙasar Kano kuma an koma karɓar haraji da kuɗin Turawa, aka auna gonaki da taki, kowane magidanci ya zama dole ya nemi abin da zai sayar ya sami sule. Na uku, wanda ya fi su duka, shi ne gyaɗa tsohuwar abokiyar manomin Kano ce. Tana son jigawa, ana shuka ta tsakanin gero da dawa ba ta hana su ba, harawarta abincin dabba ce da rani, mata sun san yadda ake fitar da manta a yi ƙuli-ƙuli, in kuma shekara ta ɓaci ana iya cinta. Auduga ba ta shiga tukunya.

Kamfanonin Turawa, irin su kamfanin Neja da John Holt da Lagos Stores da na Faransawa da na Jamusawa, sun kafa kantuna da sikeli kusa da tasha, amma ba su san hanyar Gezawa ko ta Ɓichi ba, ba su kuma san wa za a ba bashi ya dawo da shi ba. Waɗanda suka sani su ne fataken goro, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, mutanen da kakanninsu suka yi ƙarni suna kai da kawowa tsakanin Kano da Gwanja. Suna da jari, suna da yara da barori a kowace kasuwar ƙauye, suna da amanar da aka gina tun kafin Bature ya zo. Jirgi da jirgin ruwa sun sauƙaƙa kawo goro ta Ikko, sai dogon ayarin jakuna ya rage amfani, suka juya wannan tsari nasu kacokan zuwa gyaɗa. Su ne suka riƙa raba kuɗi da gishiri da tufa tun da bazara, a biya su da gyaɗa da kaka. A cikinsu aka sami Umaru Sharubutu Koki da Maikano Agogo, da kuma Alhassan Ɗantata, wanda ya yi cinikin goro a Gwalkwas kafin ya dawo gida ya zama babban mai saya wa kamfanin Neja, ya rasu a 1955 yana cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Sarkin Kano Abbas, wanda ya yi mulki daga 1903 zuwa 1919, bai tare musu hanya ba. Ba a rasa tuntuɓe ba: damina ta ƙi a 1913, yunwar da ake kira Kakalaba ta kashe mutane da yawa a 1914, yaƙin Jamus kuma ya tsinke jiragen ruwa, cinikin ya ja baya a 1915. Amma da aka sami damina mai kyau sai ya dawo fiye da da.

A nan ne kuskuren lissafin farko ya fito fili. An ƙirga mutanen da ke cikin ganuwa, aka manta da waɗanda ke bayanta. Birnin Kano yana zaune ne a tsakiyar karkarar da ba ta da na biyu wajen cikar jama'a a duk ƙasashen Sudan, inda ake noma gona kowace shekara ba a bar ta ta huta ba, jakuna suna fita da takin birni da safe, su komo da itace da hatsi da yamma. Michael Mortimore, wanda ya yi nazarin wannan yanki bayan 1960, ya sami mutanensa sun wuce miliyan 2. Waɗannan su ne masu ba jirgi kaya, su ne kuma masu sayen akoko da gishiri da kananzir da kwano da yake kawowa. Bayan haka Kano ita ce ƙarshen dogo har shekara 18. Duk mai gyaɗa ko fata daga Katsina da Daura da Kazaure da Gumel da Haɗejiya, har da Damagaram ta ƙasar Faransa, sai ya koro jakunansa ko raƙumansa zuwa Kano. Ba a miƙa hanyar zuwa Nguru ba sai 1930, ta Zariya zuwa Ƙaura Namoda kuwa 1929, lokacin kuwa kamfanoni da bankuna da dillalai sun riga sun yi saiwa a Kano, ba mai tumɓuke su.

Kada mai karatu ya ɗauka ƙarfen dogo ne kaɗai ke yin gari, sai ya dubi ɗaya ƙarshen hanyar. Baro ta sami tasha da sito da gidajen ma'aikata kafin Kano ta samu. Amma ruwan Kwara yakan janye da rani, manyan jirage ba sa iya zuwa sai 'yan watanni, da aka gama gadar Jebba a 1916 kuma sai kaya suka miƙe zuwa Ikko ba sauke ba lodi. Baro ta koma ƙauyenta. Zungeru ma, wadda ta zama hedkwatar Arewa tun 1902 kuma jirgi ya ratsa ta, da aka ɗauke gwamnati zuwa Kaduna a 1917 sai ta bushe, gama ba ta da karkarar da za ta riƙe ta. Ƙarfe ɗaya ne aka shimfiɗa wa garuruwan nan uku.

Sai batun garin da ya tsiro a bakin tasha, wanda Kanawa suka tara shi duka suka kira Waje. A nan ma an yi kuskuren awo, amma ta wata fuska dabam, gama ba yawan masu bukata aka duba ba wajen yanka filaye, manufar mulki aka duba. Turawa sun ƙudura cewa birni na Sarki ne da shari'arsa, ba za a bar baƙon da ba Musulmi ba ko ɗan mishan ya zauna ciki ba. Su kansu suka zauna a Nasarawa da Bompai. Dokar garuruwa ta 1917 ta sa a bar fili yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da ta baƙar fata, wai don sauro. Kantunan kamfanoni aka jera su kusa da dogo. Fagge kuwa ta girmi jirgi nesa, can ne Buzaye da sauran masu raƙuma ke yada zango a bayan ganuwa tun zamanin sarakunan Fulani, in ba a ce kafin su ba. Da tasha ta zo sai zangon ya sami kansa tsakanin Kasuwar Kurmi da sikelin Bature, watau a wuri mafi tsada a ƙasar Kano. A kudancinta aka yanka fulotai aka ba Larabawan Tarabulus da mutanen Sham da Labanan, waɗanda suka riƙa biyo jirgi daga Ikko. Larabawan nan ba su tsaya makokin hamada ba, suka koma aika fatunsu ta teku. Daga kantunansu ne Kantin Kwari ta samo asali.

Sabon Gari kuwa an yanka ta wajen 1913 saboda wata bukata da Kano ba ta iya biya da kanta a lokacin. Jirgi yana son direba da makaniki da mai buga waya, kamfani yana son akawu da mai awo, gwamnati tana son mai buga tafireta. Makarantar boko ta farko a Kano, wadda Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa a 1909, ba ta daɗe ba, ɗalibanta kuma aikin En'e ake shirya su. Saboda haka aka kawo mutanen Saliyo da Gwalkwas da Yarabawa, tare da tsofaffin soja da Nufawa, daga baya kuma, da hanyar Fatakwal ta haɗu da ta Kaduna aka gama gadar Makurɗi a 1932, sai Ibo suka yi yawa. Aka shata musu tituna a miƙe, aka sa su ƙarƙashin Joji, ba ƙarƙashin Sarki ba, har 1940 da aka mai da unguwar hannun En'e. Masu shata ta sun ɗauke ta masaukin ma'aikata ne waɗanda za su gama aiki su koma garinsu, don haka ba a ba su ƙasa mallaka ba, ba a kuma bar mata wurin faɗaɗa ba. Mutane kuwa suka zo suka zauna, suka haihu, suka kira 'yan'uwansu. A ƙidayar 1952 Sabon Gari ta wuce mutum 20,000, fulotin da aka yanka don iyali guda ya koma ɗakunan haya jere, magudanan ruwa suka kasa. Tudun Wada da Gwagwarwa, inda 'yan Arewa baƙi da leburori suka taru, ba su ma sami ko wannan ɗan tsarin ba. Rabuwar nan da aka gina da gangan tana cikin abin da ya ba rikicin Mayu 1953 wurin tsayawa, gama a kan iyakar Fagge da Sabon Gari aka fi yin ɓarna.

Akwai aiki guda da aka yi shi gaba da bukata, ya kuwa kamata a ambace shi don kada a zaci kullum masu shakka ne ke faɗuwa. A zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya hau a 1926, En'e ta Kano ta tara ajiya mai yawa daga harajin da gyaɗa ta sa ake iya biya. Aka zuba ɗaruruwan dubban fam na Baitulmali a aikin jawo ruwa daga kogin Challawa da kafa injin lantarki, aka buɗe a 1931. Sai buɗewar ta faɗo daidai da karyewar ciniki a duniya. Kuɗin gyaɗa ya zube, tan guda ya koma 'yan fam kaɗan, magidancin da ke fama da haraji aka ce ya ƙara kuɗin famfo, ga shi kuwa yana da rijiya a gida ko a ƙofar gida. Shekarun farko masu jawo ruwa da wuta cikin birni ba su kai yadda aka zata ba, aikin ya zama nauyi a kan Baitulmali. Sai da aka yi shekaru kafin gari ya cim ma injin, sa'an nan ya wuce shi, har ruwan Challawa ya kasa isa. Wanda ya ce a 1933 an yi gaggawa ya faɗi gaskiya, wanda ya ce a 1953 an yi ƙwauro shi ma ya faɗi gaskiya. Wahalar ita ce masu biyan haraji na shekarun farko su suka ɗauki nauyin ruwan da na baya suka sha.

Dalar gyaɗa, wadda aka buga hotonta a takardun makaranta ta zama alamar arzikin Arewa, tana da fuska biyu. Lalle shaida ce ta yawan amfanin gona. Amma kuma shaida ce ta kasawar jirgi. Bayan yaƙin Hitila kawunan jirgi da taragai sun tsufa, ba a sami sababbi da wuri ba, hanya kuwa mil 700 ce zuwa Ikko, ga kuza da auduga da shanu duk suna jiranta. Sai gyaɗar bana ta tarar da ta bara ba a kwashe ba, aka riƙa jera buhuna dubu-dubu a fili ana rufe su da tamfol, ƙwari suna cin rabonsu. Hanyar da aka yi shakkar ko za ta sami kaya a 1907, ga ta bayan shekara 40 kaya sun fi ƙarfinta. Aka kafa hukumar cinikin gyaɗa a 1949, ta koma ta Jihar Arewa a 1954, rarar da ta tara kuma ta shiga tituna da makarantu da masana'antu. Injunan matsar mai da masaƙu suka tashi a Bompai. Mutanen Kano da Waje, waɗanda suke wajen 130,000 a 1952, ƙidayar 1963 ta ba su wajen 295,000. A wannan lokaci ne aka kafa hukumar tsara babban birnin, B. A. W. Trevallion ya rubuta mata shirin shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda ya fara duban birni da Waje a matsayin gari guda. Bai yi nisa ba al'amura suka sha gabansa. Kashe-kashen 1966 sun kori Ibo daga Sabon Gari, tashar da ta kawo su ita ta kwashe waɗanda suka tsira, a cikinta ma an zub da jini. Reluwe ta rasa ƙwararrun ma'aikatanta da yawa a 'yan makonni. A 1967 kuma Kano ta zama hedkwatar jiha, ma'aikatu da kwatas suka ci filayen da shirin bai tanada musu ba.

A kakar 1966 zuwa 1967 gyaɗar da hukuma ta saya ta kai wajen tan miliyan 1, ba a kuma sake ganin irinta ba. Farin 1972 zuwa 1974 ya zo, cutar da ta kama shukar a 1975 ta biyo baya, kuɗin man fetur ya janye hankalin gwamnati da ƙarfin samari daga gona, kuɗin da hukuma ke ba manomi kuma bai kai na masu matsar mai na gida ba. Dala ta ƙare. Manyan motoci suka karɓe kayan da suka rage wa jirgi, har aka yi shekaru jirgin fasinja bai tashi daga Ikko zuwa Kano ba, sai a Disamba 2012 aka sake gwada shi. Bisa lissafin 1907, mutuwar abin da ya ciyar da hanyar ya kamata ta ja garin ƙasa kamar yadda ta ja Baro. Ba haka aka yi ba. Ƙidayar 2006 ta ba ƙananan hukumomi 8 na cikin gari mutum kusan miliyan 3. Kantin Kwari, inda Hausawa suka gaji kantunan mutanen Labanan, da kasuwar Sabon Gari, da ta Singa, da ta hatsi a Dawanau, sun ci gaba da tara masu saye daga Nijar da Chadi da Kamaru, mafi yawansu ba su taɓa shiga jirgin ƙasa ba.

A Fabrairu 2021 aka aza harsashin sabuwar hanyar jirgi daga Kano ta Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, kilomita 284, a Yuli na shekarar kuma aka fara ta Kano zuwa Kaduna. Masu suka a jaridun Kudu da na Arewa suka tambaya me Maraɗi take da shi da zai biya bashin, suna ƙirga mutanen garin. Masu kare aikin suka amsa da zancen kayan Nijar da ke bi ta Kwatano da Lome. Hanyar da ake gardamar a kanta tsohuwa ce. A zamanin Turawa gyaɗar Maraɗi da ta Damagaram ta Kano take fita, a kan raƙuma da farko, daga baya a motoci, ta hau jirgi a wannan tasha zuwa Ikko. Abin ya dami Faransawa, ga kuma cunkoson da ya hana tasu gyaɗar samun tarago, har wajen 1953 suka shirya wani tsari na musamman, suna cika wa masu motoci kuɗi don a karkata ta zuwa Paraku, ta hau jirgin Dahomai ta sauka Kwatano.